Bangon Gabas

Sakataren kulob ya kawo mini fenti,
gwangwani uku, da ɗan kafin alƙalami.
Ya ce bangon gabas na son fuska,
fuska guda, wadda in baƙo ya hango
zai san Damisar Rima ce, tun daga hanyar Giginya.

Na ce ta wa? Ya ce kai ka sani.
Ya tada babur, ya bar ni da hayaƙi da tambaya.

Da dare na kai zancen teburin Namadina
a Ƙofar Atiku, inda madara ba ta ƙaranci
kuma kowa koci ne bayan isha'i.
Nalado mai faci ya daki benci:
"Mi a abin shawara? Arzika Walƙiya!
Ƙwallo sha tara cikin kaka guda!
In ya ɗauko ta daga tsakiya
gola shi kan tuna uwatai.
Yara sunanshi suka rubutawa ga riguna, baya."

Malamin firamare ya aje kofi.
Ya ce Altine Dogo, mai tafi kamar faifai,
wanda ya ture fenareti biyu a Gusau
da karyayyen yatsa ɗaure da tsumma.
"Ku masu ƙirga wadda ta shiga,
wa ka ƙirga wadda aka hana ta hanya?"

Aka yi ta yi har burodi ya ƙare.
Namadina na ɗaga shayi sama, yana tarewa,
bai ce uffan ba sai da ya rage wuta,
sannan ya ce, "Tambari."
Benci ya kwashe da dariya.

Tambari lamba huɗu? Mai gudun raƙumi da kaya?
Shekara sha ɗaya, ƙwallo ɗaya tak,
ita ma a ƙeya ta same shi
yana waigen alƙali, ta faɗa raga
shi bai ma sani ba sai da ya ji murya.

Ni ban yi dariya ba.
Bangon nan sau uku ina hawansa da tsani.
Ƙarƙashin farar ƙasar akwai fuskoki:
ɗaya na Legas, ɗaya na ƙasar Larabawa,
na ukun ko fentin gemunsa bai bushe ba
ya sa hannu a wata takarda, ya yi tafiya.

Na tuna shekarar da muka faɗa ƙasa,
wata bakwai ba albashi,
ɗakin kwanan 'yan wasa ya koma na tantabaru.
Da safe Tambari na kabu-kabu a Tudun Wada,
da la'asar yana fili, yana ɗinke raga
da zaren buhu da basilla.
Ran da motar kulob ta mace a Talatar Mafara
shi ya tuɓe takalmi ya tura,
gwiwa a kumbure kamar ƙwarya.

Kwana huɗu na yi a kan tsani,
rana na dafa gwangwani har fenti na kumfa.
Na sa tabon da ke girarsa ta hagu,
na sa haƙorin da ya bari a filin Birnin Kebbi.
Sakatare ya zo, ya riƙe ƙugu,
ya ce wannan fuska ba ta sai da tikiti.
Na ce i, amma ita ba ta da mai saye, gaskiya.

Jiya da yamma sai ga shi a babur,
ɗiyarsa a kan tanki da ledar tumatir.
Ya tsaya, ya daɗe yana kallon kansa.
Ya ce, "Hancin ya yi yawa, Maizane.
Kuma bandejin ga, ba ga wagga ƙafa yake ba."

Ya ja babur, ɗiyar na ta waige.
Na jingina tsani, na sake dama fari,
na hau in mai da ciwon inda yake tun jiya da shekaranjiya.